Wuri Bakwai, Ƙofa Bakwai: Musayar Waƙa Kan Makomar Habu

Ga wanda bai bi labarin ba: Habu direban adaidaita sahu ne a birnin Kano. Wata mai fura ta tare shi da magariba a Ƙofar Mata, ya kai ta gindin Dala, ta biya shi da wuri bakwai, ta ce ranar da na bakwai ya yi baƙi, hannun ƙanwarsa Ladi da ya shanye zai miƙe. Tun daga nan, duk tsohuwar ƙofar da ya ratsa da magariba sai keken ya mutu, wuri ɗaya ya rine. An yi huɗu: Mata, Nasarawa, Ɗan'agundi, Na'isa. Nan kashi na biyu na littafin ya tsaya. Sauran mutanen labarin su ne Alhaji mai keken, da yaron gareji, da Tsoho marini mai yi wa Habu nasiha. Sharaɗin zaman: a amsa da baiti, kuma kowane hasashe ya zo da hujjarsa daga abin da marubuciya ta riga ta rubuta.

Auta ta Birnin Kudu:

Salamu alaikum, iyaye da yayye,
Ku ba ni aron kunne, ban zo da wasa ba.
Wuri huɗu sun rine, uku na cikin aljihu,
Wace ƙofa ce ta biyar? Ni ban gano ba.

Zatona dai Mai Fura Tsumburbura ce,
Dala ta nufa, ba ta ce a kai ta Fagge ba.
A kan dutsen nan Barbushe ya zauna,
Gun tsafin kuwa, in ba shi ba, wani bai shiga ba.

Malam na Ringim:

Wa'alaikis salamu, 'yata Auta,
Tambayarki ta yi, sai dai kin yi gaggawa.
Kafin ki hau Dala, bi ganuwa tukuna,
Ƙofofin a jere suke, sai dai ƙirgawa.

Daga Mata sai Nasarawa, sai Sabuwar Ƙofa,
Sannan Ɗan'agundi, Na'isa na biyowa.
A babi na tara Habu ya ratsa Sabuwa,
Keke na ta gudu, wuri babu rinuwa.

Dalili kuwa, a 1937 aka buɗe ta,
Ƙofa ce ta zamanin Turawa.
Ganuwar Gijimasu da Rumfa ba ta san ta ba,
Marubuciya ta sani, da gangan take tsallakewa.

To Famfo ma haka, ƙanwar Sabuwa ce,
Cire ta gefe, ki ci gaba da jerawa.
Gadon Ƙaya biyar, Dukawuya shida,
Na bakwai a Kabuga zai yi faɗuwa.

Ta nan Turawa suka shigo a 1903,
Sarki Alu ya je Sakkwato, yana hanyar dawowa.
Inda aka karya gari, nan za ta kai mu,
Wannan ne hasashena, ku zo da gyarawa.

Goggo ta Ɓaɓura:

Malam, batun ƙofofi ban ja da kai ba,
Ni kan Mai Fura zan tsaya.
Masu cewa Inna ce suna da abin riƙo:
Shigar Filani, ga nono, ga ƙwarya,

Ga hannun Ladi da ya shanye,
Wanda 'yan bori ke ce aikinta ne a duniya.
Amma ku koma babi na uku a tsanake,
Inda Habu ya sha furarta a bakin hanya.

Ya ce gudaji ya tsaya masa a maƙogwaro,
Ya ji ɗanyen gari can a tsakiya.
Nonon ma ya ce da tsamin kuka a ciki,
An ƙara shi da ruwa don ya cika ƙwarya.

Fura ga yadda take: a surfa gero a bakace,
A wanke shi tas, a baza a shanya.
A daka da citta, kanumfari da ɗan barkono,
A tankaɗe garin a rariya.

A yayyafa ruwa, a cura manya-manya,
Sai ruwa ya tafasa ake jefawa a tukunya.
In an jefa bai tafasa ba, curin ya narke,
In an tsame da wuri, ciki bai nuna ba sai baya.

A kirɓa ta da zafinta, kada a jira,
Ana yayyafa ruwa, turmi da taɓarya.
In ta huce kafin kirɓi, gudaji ya zauna,
Ludayi ba zai fasa shi ba ko an sha wuya.

Wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana damu,
Za ta yi wannan kuren? Ku faɗi gaskiya.
Mai Furar Habu mutum ce, 'yar koyo,
An ɗaura mata zane an ce ta tsaya.

Makanike na Gezawa:

Goggo, Allah ya ƙara girma, kin share hanya,
Bari in shigo da sifana in kwance ta.
Injin fetur abu uku yake nema:
Mai, da iska, da tartsatsin wuta.

In mai ne ya ƙare, ko datti ya toshe,
Sai ya soma shaƙewa daga kabureta.
Ya ja, ya saki, ya yi tari, sannan ya mutu,
Direba na ji tun da sauran rata.

In filogi ne ya yi baƙi ko ya jiƙe,
Ƙarfi ke raguwa, yana tsalle a kan kwalta.
Na Habu fa? Sau huɗu an rubuta mana:
Ɗif, kamar an hura aci-balbal an kashe ta.

Fitilar gaba na ci, hon na yi, batir lafiya,
Ya tura ya wuce ƙofa, bugu ɗaya ya samu wuta.
Wannan ciwon wayar kwayil ne,
Wani ya fere robar ya bar ta.

Da ta taɓa ƙarfen bodi, shi ke nan,
Wuta ta bi ta can, filogi bai gan ta.
Wa ke buɗe murfin baya kullum da safe?
Yaron gareji, wai waya yake gyarta.

Wa ya yafe wa Habu balas na wata guda?
Alhaji, wanda ko naira ba ya barin ta.

Auta ta Birnin Kudu:

Yaya, hujjarka ta shiga, amma da saura,
Waya ba ta san tsohuwar ƙofa da sabuwa ba.
Gargada na ko'ina a titin birni,
Don me bai mutu a Kurna ko Gyaɗi-Gyaɗi ba?

In kun mai da kowa mutum, ina aljanun?
Ba don wayar kwayil muke hana ido barci ba.

Malam na Ringim:

Aljanu suna nan, 'yata, ba a cire su ba,
Halitta ce ta wuta, Suratur Rahman na faɗa wa kowa.
Sai dai gaibu ba nasu ba ne, duba Saba'i,
Aya ta 14, ki karanta da natsuwa:

Annabi Sulaimanu ya yi wafati a jingine,
Suna ta bauta, ba su san ya yi rasuwa,
Sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi.
To wa ya gaya wa Mai Fura ranar warkewa?

Mai sa wa ciwo rana, ɗayan biyu ne:
Ko shi ya ƙulla, ko ƙarya yake shararawa.
Aljanun gaske a littafin ba su yi magana ba tukun,
Sawunsu kaɗai marubuciya ke nunawa.

Ƙashin balangu da Habu ya yar a Na'isa,
Ya waiwaya bai gan shi ba, ba kare ba kyanwa.
Hadisi ya ce ƙashi abincinsu ne,
Masu gadin ƙofa ke nan, suna nan da rayuwa.

Baba na Kura:

Ku matsa mini, 'ya'ya, an iso fagena,
Duk kun wuce launin wuri ba ku yi bayani.
Marubuciya ba ta ce ya yi baƙi nan take ba,
Ta ce kore, sai shuɗi, sai baƙi, ku je ku gani.

Wannan jeri ba na tsafi ba ne,
Kowa ya tsaya a karofi ya san na rini.
Baba da toka da katsi a zuba a rijiya,
A cika da ruwa, a bar shi kwana da wuni.

Ya ruɓa, ana motsa shi da muciya,
Sai kumfa ta taso shuɗiya, ya nuna, kun sani.
In toka ta yi kaɗan, baba ya yi tsami ya mutu,
In ta yi yawa, ba ya kama ko da zani.

Zane in ya fito daga ciki kore yake,
Iska ce ke bugunsa ta juya launi.
Tsomi ɗaya shuɗi ne mai haske kawai,
Sai an maimaita sau da dama ake samun baƙin rini.

Wuri kuwa santsi gare shi, baba ba ya zama,
Sai an goge bayansa a dutse tun tuni.
Babi na sha ɗaya, Habu ya shafa ya ji kaushi,
Ya ce tsufa ne. A'a, aikin hannu ne na wani.

Wa ya ce ya kawo wurin a yi masa addu'a?
Wa ya ɗinke kowane a fata? Tsoho marini.
Ya tsoma, ya tsoma, ya ɗinke da jiƙonsa,
Habu na farke ɗinkin, iska ta gama aiki a idon mai gani.

Mai Fura a Ƙofar Mata ta hau, bakin marina,
Farcenta shuɗi, Habu ya zaci adon zamani.
Jikar Tsoho ce, ku rubuta ku ajiye,
Kuma ita za ta fara tona shi, in ji ni.

Goggo ta Ɓaɓura:

Baba, ka gama mana rabin aiki,
Saura dalili, don ba a banza ake wannan tafiya.
Alhaji na son filin ganuwa ya jera shaguna,
Ginin da ya tayar sau biyu ya kwanta a baya.

Masu gadi ne suka hana, sai a kwashe su,
Kuma ba sa hawa keken mai ƙarya.
Shi ya sa aka nemo Habu, marayan Allah,
Aka kama shi ta hannun yarinya.

Abin da ke ci mini rai, Ladi ce,
An bar ta a ɗaki babi shida ba ta ko juya.
Ita ta sha furar farko kafin yayanta,
Ita za ta gane muryar in sun haɗu a hanya.

Makanike na Gezawa:

To Auta, ga amsarki, Goggo ta ɗaure zaren:
Mutum ya fere waya, wanda ya hau ke taɓa ta.
Keke ya tsaya, fasinja ya zauna, a tura,
Shi ya sa sabuwar ƙofa ba ta kashe wuta.

Ku lura da kukan Habu a babin ƙarshe:
Baya ba kowa, amma taya ta kwanta,
Mai na ƙarewa da wuri, hawa sai giya ɗaya,
Birki na kamawa sai an ba shi rata.

Kujerar baya ta mutum uku ce,
Yanzu huɗu ke kai, uku na jiran ta.
Shokoba za ta fara yoyo a Gadon Ƙaya,
A Dukawuya kuloci ya ƙone, ku ji warin ta.

Ga kuma dokar 2022, goma na dare a ajiye keke,
Daga magariba zuwa nan ne duk damar da ya samu ta.
In ya tura daga Dukawuya da shida a baya,
Kabuga kusa ce, amma ƙarfin mutum ɗaya bai kai ta.
Dole wani ya kama masa turi a daren nan,
Na ce yaron gareji ne, kuma zai faɗi wa ya sa shi fere ta.