Kwaɗon da ke gefen adireshi ya ɓace a Chrome, ta ina ake duba satifiket ɗin shafi?

Ɗan Kasuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata biyu ce. A Chrome yanzu ba a ganin kwaɗon nan da ke gefen adireshi, to ta ina ake shiga a duba satifiket ɗin tsaron shafi, kuma me ake nema a cikinsa? Sannan idan shafin banki ya buɗe lafiya lau a waya, amma a laftof ya fito da jan gargaɗin "Your connection is not private", matsalar daga bankin take ko daga laftof ɗin?

Mai Sa Ido:
Wa alaikumus salam Malam. Tun Chrome 117, a Satumbar 2023, Google ya cire kwaɗon, ya sa wata alama mai layi biyu da ƙananan ƙwallaye. Ita za ka danna, ka zaɓi "Connection is secure", sannan "Certificate is valid". A Firefox ka danna kwaɗon, ka shiga "Connection secure", daga nan "More information", sai "View Certificate". A Chrome na Android ma alamar nan ce, kana shiga za ka ga "Certificate information".

Idan ya buɗe, fara da "Issued To", wato sunan shafin da aka bai wa satifiket ɗin. Sai dai kada ka tsaya a nan. Shiga "Details" ka nemo "Subject Alternative Name", wato jerin adiresoshin da satifiket ɗin ya ƙunsa, domin tun 2017 wannan jerin kaɗai Chrome ke dubawa. Dole adireshin da ke saman burauzarka ya kasance a cikinsa harafi da harafi. In ka ga tauraro a gaba, kamar *.misali.com, yana nufin ya ƙunshi shiga.misali.com, amma bai kai ga a.shiga.misali.com ba, mataki ɗaya kawai yake rufewa.

Sai "Issued By", wanda ya bayar da shi: DigiCert, Sectigo, GlobalSign, Let's Encrypt, Google Trust Services da ire-irensu. Sai "Validity Period", ranar da ya fara aiki da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Kada ganin gajeren wa'adi ya tayar maka da hankali, na Let's Encrypt da ma kwana 90 aka san shi da shi, kuma da kansa yake sabuntawa a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Kan tambaya ta biyu, tunda waya ta buɗe shi lafiya, zargi ya fi karkata ga laftof. Dubi ƙaramin rubutun da ke ƙasan gargaɗin, shi ne ke faɗin ciwon.

In ya ce NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, duba agogon kwamfutar tun kafin komai. Burauza da kwanan watan da ke kan na'urarka take auna wa'adin satifiket. Tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu, batirin agogonsu kan mutu, wani ɗan batir ne mai faɗi kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, yana kan uwar allon (motherboard). Da ya mutu, duk lokacin da aka cire wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ga kamar lokacin satifiket ɗin bai ma zo ba. Ka shiga saitin lokaci, ka kunna "Set time automatically", ka tabbata yankin lokaci yana kan UTC+1 idan kana Najeriya ko Nijar. In gobe ya sake rikicewa, a canza batirin. A wasu laftof ɗin a naɗe yake cikin baƙar roba da 'yar waya mai kai biyu, sai an buɗe bayan na'urar.

In kuma NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID ne, sunan da ke satifiket ɗin bai dace da adireshin ba. Wannan kan faru a waifai na otal ko filin jirgi, inda ake tare ka a tura ka shafin shiga kafin a sakar maka intanet.

Ɗan Kasuwa:
Na gode ƙwarai. Agogon daidai yake. Abin da ya rubuta shi ne NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID.

Mai Sa Ido:
To wannan shi ne wanda ba a wasa da shi. Ma'anarsa burauza ba ta san wanda ya sa hannu a satifiket ɗin ba. Danna "Not secure" da ke gefen adireshi, ka buɗe satifiket ɗin, ka karanta "Issued By", sannan ka kwatanta da abin da wayarka ta nuna a kan datar layinka, ba a kan waifai ɗaya da laftof ɗin ba. In sunayen sun bambanta, akwai wani abu a tsakaninka da bankin.

Wani lokaci ba mugun abu ba ne. Manhajojin kariya daga bairos irin su Avast, ESET da Kaspersky suna buɗe zirga-zirgar bayanan da ke tsakaninka da shafin su bincika, su sake rufewa da nasu satifiket, sunansu za ka gani a wurin. Haka ma kwamfutar ofis da ke bi ta na'urar tacewa ta ma'aikata. Tsohuwar Windows da ta daɗe ba a sabunta ta ba ita ma tana iya rasa sababbin tushen amincewa, wato manyan satifiket ɗin masu bayarwa da na'ura ta yarda da su. Irin haka ne ya sami wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba, ba su san tushen Let's Encrypt mai suna ISRG Root X1 ba, shi ya sa aka ba masu su shawarar amfani da Firefox a lokacin, don yana zuwa da nasa jerin. Amma in sunan baƙo ne, ko shafin ne ya sa wa kansa hannu, don Allah kada ka bi ta "Advanced" ka danna "Proceed". Ka rufe, ka sauka daga wannan waifai ɗin, ka sake gwadawa da datar wayarka.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta:
Bari in ƙara abin da ya fi damuna. Ko babu gargaɗi ko kaɗan, satifiket mai kyau ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne hanyar da ke tsakaninka da wannan adireshin a rufe take, na gefe ba zai karanta ba. Ɗan damfara ma yana samun nasa kyauta cikin 'yan mintuna, muddin shi ya yi rajistar sunan. Dalilin da Google ya bayar na cire kwaɗon ke nan, mutane sun ɗauke shi tambarin amana.

Saboda haka, Malam, ka karanta adireshin daga dama, kafin sandar farko (/) da ke bin sunan. A banki.com.tallafi-kyauta.xyz, mai shafin shi ne tallafi-kyauta.xyz, kalmar banki ado ce aka liƙa a gaba. Shafukan ɗaukar aiki da rabon tallafi na bogi da ake yaɗawa a WhatsApp da wannan dabarar suke cin mutane, alhali na gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. A cikin "Issued To" kuma ka duba layin "Organization": bankuna da yawa suna sayen satifiket mai ɗauke da sunan kamfaninsu na rajista, na kyauta kuwa wurin fanko yake. Rashin sunan shi kaɗai ba ya nuna damfara, amma kafin ka rubuta lambar kati ko BVN, ka kwafo adireshin daga bayan katinka ko takardar bankin ka rubuta da hannunka.