Masu Turanci don Allah ku raba mu: "gets well along" ko "gets along well"?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun ranar Alhamis ban samu barcin kirki ba. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi a nan Kano, aji biyar nake riƙewa. Ba Turanci na karanta ba, NCE ɗina a nazarin zamantakewa na yi. Aikin ma da ƙyar na samu. Tun haihuwata ta biyu nake zaune a gida, sai da maigida ya yi ta lallaɓa Hajiyarsu kafin ta yarda na fita, da sharaɗin in dawo kafin la'asar in ɗora girki. Albashin ba wani abin kirki ba ne, kusan rabi a adaidaita yake tafiya, amma da shi nake zubin adashi, da shi nake saya wa yara ɗan abin da ba sai na tambaya ba. Kun ga ke nan ba aikin da zan yi wasa da shi ba ne.

To, ƙarshen zango aka ba mu katin sakamako mu cike da hannu. A gurbin ra'ayin malamin aji, duk yaron da ba ya faɗa da kowa na rubuta masa "He gets well along with his classmates", matan kuma na sa "She". Sai wata uwa ta zagaye jimlar da jan biro, ta ɗauki hoto ta jefa a gurup ɗin iyaye na WhatsApp, wai a kan wannan suke biyan kuɗi? Mai makaranta ya ce in same shi ofis ranar Litinin.

Tambayata: kuskure ne da gaske, ko neman magana ne? Mu dai an koya mana bayanau yana bin aikatau. "She sings well", "He writes well". To "gets" ne aikatau, "well" na biye da shi. Ina laifin?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kuskure ne, babu wani kwana-kwana. Daidai shi ne "He gets along well with his classmates."

Inda kika zame: a wannan jimlar ba "gets" kaɗai ne aikatau ba. "Get along" gaba ɗaya ne aikatau, kalma biyu masu ma'ana ɗaya, wato yin shiri da mutane. Irin waɗannan su ne ake kira "phrasal verb". Da kin raba su kin tsoma "well" a tsakiya, kin haifar da wani abu dabam, domin "get well" warkewa ce daga ciwo, shi ya sa ake ce wa marar lafiya "get well soon". Mai karatu zai fara ɗauka yaron ya samu sauƙi ne, sai kuma ya yi tuntuɓe da "along".

Gurbin bayanau yana bayan "along", kafin "with": "gets along well with", "gets along very well with", "gets along fine with", "gets along badly with". Masu nuna yawan aukuwa kuwa, su gaban aikatau suke zuwa: "He always gets along with others", "He rarely gets along with others". In kore ne, "He does not get along well with others."

Sannan ki daina "get along" ma gaba ɗaya, na Amurkawa ne. Mu Turancin Ingila muka gada, da shi ake koyarwa, ki rubuta "gets on well with". Ki riƙe doka ɗaya: ba abin da ke shiga tsakanin aikatau da ƙaramar kalmar da ke bin sa. Har na yi ritaya wannan nake koyarwa. A insha'in WAEC rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskuren nahawu, yaron da ya haddace jimlarki shi zai biya.

Malamar Aji Biyar:
Na gode Baba. Amma fa ba ni na ƙirƙiro ba. A katunan malamar da ta riƙe ajin kafin ni na gani, haka ta rubuta zango bayan zango, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ita kuma digiri gare ta. Sai a kaina ne zai zama laifi?

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiya malama ki yi haƙuri, ni bayan uwar nan nake. Kun san nawa muke biya kuwa? Ga kuɗin makaranta, ga na littafi, ga yunifom da dole sai a wurinsu za ka saya, ga na bikin yaye ɗalibai ko da ɗanka ba ya cikin masu fita. Ni 'yan biyuna aji ɗaya suke, ɗaya shiru-shiru, ɗaya ko a gida ba ya barin kowa ya zauna lafiya. Aka kawo min kati, jimla ɗaya aka kwafa musu su biyun. Na je na yi magana aka ce malamar tana jego. To wa ya cike katin?

Malam Mai Lissafi:
Hajiya, ki tambayi makarantar 'ya'yanki yaushe rabon da su biya malamai a kan lokaci. Mu inda nake, albashin hutu ba a biya, wai ba mu yi aiki ba, alhali a hutun muke makin jarrabawa. Kati ko na aji uku ne a dare ɗaya ake so ka cike. Malama, shawarata kada ki ba kowa haƙuri. Wa ya sa hannu a ƙasan katin? Ba shi mai makarantar ba ne? In kuskure ne, tare kuka yi.

Malamar Aji Biyar:
Wallahi shi ya sa hannu da kansa, har da hatimi, a kan kowane kati.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu nan Nijar da muka fara da Faransanci wannan ramin kusan kowa ya faɗa. A Faransanci bayanau manne yake da aikatau: "Il s'entend bien avec ses camarades." Da mutum ya zo Turanci sai hannunsa ya kai "well" bayan "gets" kai tsaye. A Hausa kuma ƙarshe muke kai shi, "yana shiri da 'yan ajinsu sosai". To malama ta sa "well" a ƙarshen jimla mana, kowa ya huta.

Ɗalibar Jami'a:
A ƙarshe ma ana sawa, "He gets along with his classmates well" ba laifi ba ne, sai dai bai kai na farko daɗin ji ba, kuma in abin da ke bin "with" ya yi tsawo "well" ɗin ɓacewa yake. Gwada "He gets along with all the boys and girls in his class well", ka ji yadda yake jan ƙafa.

Baba Hedimasta, a gafarce ni, gyaranka na jimlar daidai ne, amma dokar ta yi faɗi da yawa. Ai ana cewa "listen carefully to the teacher", ana cewa "depend heavily on", ana cewa "come straight back". Duk bayanau ne a tsakiya. Kuma "get along" ba haramun ba ne a Ingila, su ma suna faɗa, illa dai "get on" ya fi yawa a bakinsu. Ƙamus yana kawo su duka biyun. Ni ma da "get along" na fi so a katin yara, saboda "get on with" yana da wata ma'anar: "get on with your work" ci gaba da aikinka ke nan.

Tsohon Hedimasta:
Yarinya, ba iri ɗaya kika kawo ba. "To" na "listen to" da "on" na "depend on" na sunan da ke biye ne, shi ya sa bayanau ke samun gurbi kafin su. Ga gwaji: cire sunan ki gani. "They listen to" ya tsaya? Bai tsaya ba. "They get along" fa? Ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ke nuna "along" na aikatau ne, "with" kuma na suna. Shi ya sa "well" ke zama daidai tsakaninsu. "Straight" da "right" kuwa 'yan tsiraru ne masu ƙarfafawa, kowa ya san da su, ba a gina doka a kansu. Maganar "get on" kuma ina nan a kan bakana.

Ɗalibar Jami'a:
Abin da nake faɗa ke nan Baba, ka ce "ba abin da ke shiga", yanzu kuma ga masu shiga.

Malamar Aji Biyar:
Yauwa 'yar'uwa, Allah ya biya ki. Tunda "straight" yana shiga, me zai hana "well"? Kuma na bincika a Google, na ga "well along" a rubuce-rubucen Turawa da yawa. Na ɗauki hotonsu ma.

Ɗalibar Jami'a:
Kash, Anti, ba haka nake nufi ba. Ki karanta jimlolin da kika samo. Za ki ga irin su "The work is well along" ko "well along in years". Can ma'anar ita ce abu ya yi nisa, aiki ya ci ƙarfi ko mutum ya manyanta. Ba ruwansa da shiri da mutane. Don Allah kada ki kai wa mai makaranta waɗannan hotunan.

Ɗan Kasuwa:
Ni dai a fim kullum "we get along good" nake ji, ko "we get along great". Ki sa "good" kawai, ai su suka san yarensu.

Tsohon Hedimasta:
Subhanallahi. "Good" sifa ce, suna take bayyanawa, "well" ne ke bayyana aiki. Abin da ka ji maganar hira ce ta Amurkawa, ba a kai ta katin sakamako. Kada ka ƙara mata wani a kan wanda take ciki.

Malam Mai Lissafi:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ni "He is friendly" nake rubutawa, ko "Well behaved". Ba a taɓa kira na ofis a kansu ba. Abin da aka kira ni a kai shi ne na nemi bashin rabin albashi matata na asibiti.

Hajiya Babba:
'Yata, ni ban san Turanci ba, amma na san mutane. Uwar da ta ga kuskure, in gyara take so, kiran malama take yi a gefe. Wadda ta kai gurup akwai abin da ke ranta. Kin san ta ne? Kun taɓa samun saɓani?

Malamar Aji Biyar:
Hajiya, ban so faɗa ba. Faccalata ce, matar yayan maigida. Ita ta yi min hanyar aikin, ƙawar matar mai makarantar ce. Tun bikin ƙanwarsu da aka yi rabon anko ba ta amsa gaisuwata yadda ya kamata. Amma ni ba wannan na kawo ba, Turancin nake tambaya.

Hajiya Babba:
Tabɗi. To ai nan ya kamata ki fara. Ki ajiye maganar ofis, gobe da safe ki je gidanta ki gaishe ta, ki ce Yaya na ga gyara na gode. Ko ba ki yi laifi ba. Wadda ta sa aka ɗauke ki ita za ta iya sawa a sallame ki, kuma in ta kai ga Hajiyarku kin san abin da za ta ce, dama ba ta so fitar ba.

Malam Mai Lissafi:
Haba Hajiya, ta tozarta ta a gaban iyaye sannan ita za ta je gaisuwa? Malama kada ki je. In kika durƙusa yau, zango mai zuwa rubutun hannunki za ta zagaye.

Maman 'Yan Biyu:
Faccala ko ba faccala ba, kuɗi ta biya. Ni da a ce makarantarmu na da gurup da tuni na saka nawa.

Tsohon Hedimasta:
Ku bar maganar gida. Ta karɓo katunan, ta sake rubuta "gets on well with", ta kai wa mai makaranta kafin ya tambaya. Kuma ta duba sauran jimlolin, wanda ya rubuta wannan ba mamaki ya rubuta "He use to come late". 'Yata, turo mana sauran mu gani.

Malamar Aji Biyar:
Baba, katunan suna hannun iyaye, an riga an yi hutu, ta yaya zan bi gida-gida? Kuma in na sake rubutawa ai na amsa laifi ke nan, ita kuma malamar da na kwafa a wurinta tana aji shida ba wanda ya kira ta. Ni dai zan tafi da tsofaffin katunanta, da wanda ya sa wa hannu. Gidan Yaya kuma sai na ji ta bakin maigida, bai ma sani ba tukuna. Amma har yanzu ba ku ba ni amsa ɗaya ba: Baba ya ce "get on", ƙanwata ta ce "get along", Malam ya ce in bar su duka. In ya ce in rubuta daidai a gabansa, wanne zan sa?

Ɗalibar Jami'a:
"Gets along well with."

Tsohon Hedimasta:
"Gets on well with."

Malam Mai Lissafi:
Malama, in kin shiga ofis ɗin ki ɗan tambayar min ko suna neman malamin lissafi, ku ana biyan ku na hutu?