Zan mayar da motata mai amfani da gas ɗin CNG, me kuke gani?

Direban Unguwa Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sharon nake ja, Kano zuwa Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da na samu a hanya gidan mai ke cinyewa, sai ɗan abin cefane nake komawa da shi gida. Ana ta zuga ni in sa tukunyar gas. Abu biyu ke damuna: fashewa, da lafiyar injin. Uwargida ma ta ce ba za ta shiga motar ba. Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Bakaniken Panteka:
Wa alaikumus salam. Maigida, fara raba shi da gas ɗin girki. Shi na girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasa yana jiran wuta. CNG kuwa, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya don mota, bai kai iska nauyi ba, sama yake tashi ya watse. Haɗarinsa yana wajen matsi. Ana ɗura shi da ƙarfin bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), alhali iskar tayar motarka ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. Shi ya sa tukunyar take da kauri, ƙirar ƙarfe guda, babu walda a jikinta ko ɗaya. Motar da ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, tukunyar haɗin walda ce aka sa mata. In wani ya ce zai haɗa maka da araha a bayan gareji, yi ta kanka. Duba hatimi da shekarar ƙira a wuyan tukunyar, ka je cibiyar da aka amince da ita.

Injin kuma ba ya lalacewa haka kawai. Da fetur take tashi, in ta yi zafi ta koma gas. Za ka ji ƙarfinta ya ɗan ragu a hawa. Kula da filogi da bawul, domin gas busasshe ne, ya fi fetur cin mazaunin bawul.

Hajiya Mai Motoci:
Ni ba fashewa nake ji maka ba, ɗana. Ina za ka sha? Tukunya ɗaya da ƙyar ta kai ka Kaduna daga Kano da cikakken lodi, wajen kilomita 230 ne fa. Gidajen gas sun fi yawa a Abuja da kudu. Bututun AKK da zai kawo gas daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Kafin ka kashe kuɗi, je ka ga gidan da za ka riƙa sha da idonka, ka ga tsawon layinsa. Direban da ya wuni a layi ya rasa lodi.

Ɗan Kamasho:
Kun manta but. Tukunyar ta fi buhun siminti nauyi, kuma wurin kaya take cinyewa. Ina za ka sa buhunan fasinja? A Sharon ma wataƙila sai kujerar baya ta tashi.

Direban Unguwa Uku:
Allah Ya saka da alheri. Malam Bakanike, in aka sa ta a ƙarƙashin mota fa, ramukan hanyar Zariya ba za su taɓa ta ba?