Me za mu kira "concealed carry permit" da Hausa?

1/ Jama'a, a taimaka mini da wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun jiya. Ina fassara wani rahoto kan dokar bindiga a jihar New York ta Amurka, sai na ci karo da "concealed carry permit". Na rubuta "lasisin ɓoye bindiga" na wuce. Da na dawo na karanta a bayyane, sai na ji kamar hukuma ce ta ba ɗan fashi takardar binne makamansa a gona. Na goge.

2/ Ga abin da ake nufi. A can, ajiye ƙaramar bindiga a gidanka magana ɗaya ce, fita da ita kan titi kuma wata magana ce daban. Wannan takardar ta biyun ce. Ita ke ba mutum damar shiga kasuwa ko ya hau motarsa da fistol a jikinsa, a ƙarƙashin riga ko cikin jaka, inda ido ba ya gani. Mai ita ba mai laifi ba ne, hukuma ta san shi, har zanen yatsunsa tana da shi. Mu kuwa in aka ce "ɓoye makami", me ke zuwa mana a rai? Maɓoyar 'yan bindiga a daji, da buhun harsasai a ƙarƙashin lodin albasa.

3/ Wani ya ce a saka "lasisin mallakar bindiga" a huta, tunda shi kowa ya saba ji a rediyo. Yaya, ka yi haƙuri, nan ne fa duk rigimar take. Tun 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙolin Amurka ta ce mutum na da 'yancin ajiye bindiga a gidansa don kare kai. Abin da aka ci gaba da ja a kai shekara goma sha huɗu bayan nan shi ne: in ya taka ƙofar gida fa? Idan na rubuta "mallaka", mai karatu zai ɗauka tsohon zance ake maimaitawa.

4/ Kuma samun takardar ba wasa ba ne. New York na da doka tun 1911, ana kiranta dokar Sullivan, sunan wani ɗan majalisar jihar da ya kawo ta. Bayan ɗan lokaci aka ƙara mata sharaɗin cewa sai ka nuna ƙwaƙƙwaran dalili kafin a bar ka ka fita da bindiga. Kotunan jihar suka fassara dalilin da cewa sai buƙatarka ta kare kai ta bambanta da ta sauran jama'a. Wato ka ce unguwarku ɓarayi sun addabe ta bai wadatar ba, ai maƙwabcinka ma a unguwar yake. Sai ka nuna kai ɗin nan ake nema.

Haka ta faru da Robert Nash, wani mazaunin jihar. Ya nemi lasisin, ya kawo hujjar fashi da aka yi ta yi a unguwarsu, ya nuna ya yi horo. Aka bar shi da na farauta da harbin gwaji kawai. Shi da Brandon Koch da wata ƙungiyar masu bindiga suka kai ƙara, har ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 23 ga Yunin 2022, alƙalai shida suka rinjayi uku, Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta hukuncin, aka rushe sharaɗin dalilin. Ita ce shari'ar da ake kira Bruen.

5/ To, mu koma kan kalma. Wani dattijo ya turo mini saƙo ya ce, "Ɗana, ai Bahaushe soke wuƙa yake yi a ƙugu, ka ce lasisin soke bindiga." Baba, Allah ya ƙara girma, hoton ya fita sarai, na ga mahauci da wuƙarsa a ƙugu. Amma a rubuce, "soke" ɗin nan shi ne dai na "an soke lasisinsa". Ka ga kanun labari: "An soke lasisin soke bindiga". Mai karanta labarai sai ya sha ruwa kafin ya kai ƙarshen jimlar.

6/ "Ɗaukar bindiga" ma na gwada. Matsalarsa, "ɗaukar makami" a bakinmu tawaye ne. Sun ɗauki makamai, sun shiga daji. "Riƙe bindiga" kuwa ya koma wajen mallaka, ko kuma a ɗauka a hannu take, alhali duk zancen shi ne ba a hannu take ba. "Rataya" ta bindigar mafarauci ce da ta ɗan sanda, wadda kowa ke gani a kafaɗa. Wannan ma tana da amfani: abin da suke kira "open carry", wato fita da ita a fili, ana iya cewa "yawo da bindiga a bayyane", ko da a ƙugu take.

Kun ga na riga na faɗi kalmar ba da niyya ba. Yawo. Na so in guje ta saboda tana da ƙamshin zaman banza, yawon gantali, yawon dare. Amma ku saurari yadda mutane ke magana: "an kama shi yana yawo da wuƙa", "kada ka riƙa yawo da kuɗi masu yawa". Ba gantali ake nufi ba, ana nufin abin yana jikinka duk inda ka sa ƙafa. Daidai abin da muke nema ke nan.

7/ Saura rabin na biyu. Wata malamar Hausa ta ce, "Me ya hana ka ce a sakaye?" Hajiya, kin gama magana. Muna cewa "ya nemi a sakaya sunansa", muna cewa "ya faɗi maganar a sakaye". Wanda ya sakaya abu bai musanta cewa akwai shi ba, rufe shi ya yi daga idon jama'a, kuma sau da yawa don mutunci. Ɓoyewa kuwa daga hukuma ake yi, ko daga mai kaya. Mai wannan lasisin ya sakaya bindigarsa daga fasinjan da ke kusa da shi, bai ɓoye ta daga 'yan sanda ba.

Wani ya kawo "a lulluɓe", amma wannan sai na ga an naɗe ta da zane kamar ƙwaryar fura.

8/ Akwai wasu kalmomi biyu a rahoton da suka fi wannan daɗin fassara: "may issue" da "shall issue". Na farko shi ne inda jami'i zai iya hana ka ko ka cika kowane sharaɗi. Na biyu, in ka cika, dole ya ba ka. Ni na sa musu "tsarin ganin dama" da "tsarin cika sharaɗi". Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ya san ma'anar "sai oga ya ga dama", ba ya buƙatar ƙarin bayani. Lokacin hukuncin Bruen, jihohi 43 na kan tsarin cika sharaɗi, shida na kan ganin dama: New York, Kalifoniya, New Jersey, Maryland, Massachusetts da Hawai.

9/ Kada a ɗauka bayan hukuncin ƙofa ta buɗe wangamgam. Cikin kwana takwas Gwamna Kathy Hochul ta New York ta sa hannu a sabuwar doka. An cire dalili, an ƙaro wasu abubuwa: awa 16 a aji, awa 2 a filin harbi, mutum huɗu da za su shaidi halinka, ganawa ido da ido da jami'i. Har jerin shafukanka na sada zumunta na shekara uku aka ce ka kawo, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wannan a Disambar 2023. A birnin New York kuɗin neman lasisin dala 340 ne, ban da na zanen yatsu da na makarantar horo. In ka samu kuma, ba ka shiga da ita jirgin ƙasa na cikin gari, ko makaranta, ko mashaya, ko dandalin Times Square. Wani abokina ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙi a Bronx ya lissafa wuraren ya yi dariya, ya ce, "Massa, to a ina za ka yi yawon?"

10/ Wani ya tambaya ko muna buƙatar kalmar ma, tunda babu irin wannan a gida. Gaskiya ne, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi daga Sufeto Janar ake nema. Amma ku tuna, kwanaki kaɗan bayan Bruen, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, har da alƙawarin fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A wancan makon labaran biyu suka zo a jere, kuma in duka ka kira su "lasisin bindiga", mai sauraro a Gusau zai zaci abu ɗaya ake nema a can da nan. Na Zamfara a samu bindigar ake magana. Na New York tana nan a ɗaki, fita da ita ake wa shari'a.

11/ Ga yadda na tura wa edita: "Kotun ta ce jihar ba ta da ikon tilasta wa mutum nuna dalili na musamman kafin ta ba shi lasisin yawo da bindiga a sakaye." A ambato na biyu na taƙaita zuwa "lasisin sakaye", ya wuce bai ja layi a ƙasansa ba. Gidan fatar da ake zura fistol ɗin a ƙugu kuwa, na ari "kube" daga wajen takobi.