Gangarar masu keke a ƙofar masallaci: ɓarnar kuɗi ce?

Abu Khadija: Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin gyaran masallacin unguwarmu. An ɗaga ginin saboda ruwan damina, ƙofar ta koma matakala huɗu. Na ce a yi gangara a gefe don masu keken guragu, sai wani dattijo ya ce guragu nawa ne a unguwar, in sun zo ma ai yara za su ɗaga su. Raina bai kwanta ba. Me zan gaya musu ranar zama?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ni shan inna ta kama ni tun ina ƙarami. Malam, tambaye su wane magidanci ne zai so a riƙa cicciɓarsa gaban jama'a kullum. Kekena nake bari a waje, in zura hannuwa cikin silifas, in ja jiki ta inda aka zubar da ruwan alwala. Kafin in kai sahu riga ta jiƙe. Shi ya sa da yawanmu suke sallah a gida, sai a duba sahu a ce babu mu a unguwar.

Malam Baffa: Ka tuna musu Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW), har Madina ake bar masa ya ja sallah in an fita. Da makaho ya nemi izinin yin sallah a gida, tambayarsa aka yi ko yana jin kiran sallah, aka ce to ya amsa. In an ce ya zo, gyara masa hanya ya hau kanmu.

Maman Ilham: Babanmu da ƙafarsa yake zuwa sallar asuba har hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Wannan dattijon ma bai san abin da gobe za ta zo da shi ba, Allah ya tsare shi. Kuma akwai doka: a Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Don Allah kar ku manta ƙofar mata.

Magini: In za ku yi, ku yi mai kyau. Kowane tsayin santimita 10 yana son tsawon santimita 120, wato matakalarku za ta ci kusan mita 7. Ku sa ƙarfen dafawa, kada ku sa tayil mai santsi, siminti mai kaushi ya fi. Kafin a zuba kankare ku kira mai keke ya duba wurin.