Yaron da ya fara tafiya sannan ya daina: abin da muka gani a ciwon MLD

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ɗana ya fara tafiya yana da wata 14, amma kafin ya cika shekara 2 sai ya riƙa faɗuwa a tsakar gida inda babu abin tuntuɓe, daga bisani ko tsayuwa ta gagare shi. Dangi sun ce shan inna ne, wasu kuma suka ce iska, har muka ɓata wata shida kafin hoton MRI da gwajin jini su nuna cewa MLD ne, wato metachromatic leukodystrophy, wani ciwon gado da ke lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ina roƙon waɗanda suka san wannan jarrabawa su faɗa mana abin da suka gani.

Wani uba: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi sauƙi. Bayanin da likita ya yi mini, wanda shi ne ya zauna mini a kai, shi ne cewa jijiyoyi suna da rufi kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma jikin yaron ba ya samar da isasshen sinadarin da ke narkar da wani nau'in kitse, don haka kitsen yake taruwa yana cinye rufin. Ni da matata 'yan wa da ƙani ne, kowannenmu yana ɗauke da ƙwayar halittar ciwon ba tare da ya sani ba, kuma lissafin daidai yake da na sikila idan AS ya auri AS, wato ɗaya cikin huɗu a kowane ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka ɗora wa uwar laifi ita kaɗai.

Wata kaka: Jikata tana da shekara 4, kuma haɗiya ce babbar wahalarmu. Kunu ma sai an yi masa kauri, an zaunar da ita a miƙe, domin ruwa zalla yana shaƙe ta. Muna juya ta duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Hajiya, idan yana da ƙane ko ƙanwa, a nemi a gwada su tun suna lafiya. Maganin gyaran ƙwayar halitta da ake kira Libmeldy, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020, yana amfani ne kafin alamomi su bayyana ko a farkonsu, ga shi da tsada matuƙa.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Ƙanwarsa watanta 5, kuma mahaifinsu zai tuntuɓi likitan ranar Litinin in Allah ya kai mu.