Al-Hilu, ilmaniyya da gardamar wasali

Bala Tudun Wada: Kwana uku ina rubutu kan Sudan ba wanda ya tanka, amma a sa hoton biki sai ku cika zaure. To ku ji: Abdul'aziz al-Hilu, shugaban ƙungiyar 'yan tawaye ta SPLM-N, ya fi janar-janar ɗin nan gaskiya. Tun dokokin shari'a na Shugaba Numairi na 1983 mutanen tsaunukan Nuba ke ɗanɗana kuɗarsu. Mulkin tarayya al-Hilu yake nema, kowane yanki da ikonsa, da ilmaniyya. Burhan, shugaban sojin Sudan, da kansa ya sa hannu kan raba addini da gwamnati a Juba, Maris 2021.

Malam Habu: Ilmaniyya? Subhanallahi! Bala, ka ji tsoron Allah.

Bala Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, ma'anarta kawai gwamnati ba za ta fifita wani addini ba. Nubawan ma ai da yawansu Musulmi ne.

Malam Habu: Korar addini ce, yaro. Kuma almaniyya ake cewa, daga "alam", wato duniya, ba daga ilmi ba. An sa mata ilmi ne don a yaudari irinku.

Ustaz Nura: Malam, Almaniya kuma ai Jamus ce.

Malam Habu: Waccan da alif, wannan da aini! A ina ka yi naka karatun?

Ustaz Nura: Inda ba a zagin ɗalibai.

Ɗan Damazin: Kuna can kuna gardamar wasali. A Yulin 2022 Hausawanmu aka kashe a Rusairis da kewaye, a jihar Blue Nile, don sun nemi sarautar kansu. Wane mai tarayya ne ya tsaya mana?

Bala Tudun Wada: Allah ya jiƙansu, ɗan'uwa. Amma can ɓangaren SPLM-N na Malik Agar ke da ƙarfi, sun raba gari da al-Hilu tun 2017.

Hajiya Larai: Naka ɗin fa? Ba shi ya haɗa kai da RSF, dakarun Hamidti da suka shiga yaƙi da sojin Sudan, a Nairobi a Fabrairun 2025 ba? Je ka Janaina a Darfur ka tambayi 'yan ƙabilar Masalit dimokuraɗiyyar RSF.

Ustaz Nura: Ni dai har yanzu Malam bai kawo ƙamus ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. A taƙaice, Malam Habu ya warware mana cewa almaniyya ce, kuma ba alheri a cikinta. Bala bai amsa wa Hajiya ba. Nura, ka nemi afuwar Malam kafin Isha'i. An rufe.